Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mahukuntan Lafiya Kan Gano Kansar Huhu Da Wuri

Zuwa ga ministocin lafiya, shugabannin asibitoci, da duk mai hannu a tsara kasafin kuɗin lafiya,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu likitocin ƙirji ne da likitocin karanta hoto da na tiyata da ma'aikatan jinya, waɗanda aiki ya haɗa mu da masu kansar huhu. Mun rubuto ne saboda maganar tantance mutane don gano wannan cuta da wuri ta fara yawa a tarurruka da takardun neman kuɗi. Sau da yawa idan aka bi diddigin maganar, sai a tarar abin da ake nufi shi ne a sayi na'urar CT, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, a yi bikin ƙaddamarwa. Na'urar tana da muhimmanci, amma a cikin dukkan aikin ita ce abu mafi sauƙin samu. Muna so mu shimfiɗa muku sauran aikin dalla-dalla kafin a sa hannu a kan wata kwangila.

Hukumar binciken kansa ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da kansar huhu, kuma miliyan 1.8 suka rasu sanadiyyarta. Babu kansar da ke kisa kamarta. Tsokar huhu ba ta jin zafi, don haka ƙari yana iya kaiwa santimita uku ko huɗu mai shi yana harkokinsa bai ji komai ba. Sai ya taɓa tantanin da ya lulluɓe huhun, ko ya toshe bututun iska, ko ya bazu zuwa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa, sannan ciwo ya fito fili. A alƙaluman da aka gina tsarin matakan cutar a kansu, waɗanda aka kama tasu ƙarin bai wuce santimita uku ba kuma bai kai ga kaluluwa ba, cikin kowane 100 tsakanin 77 zuwa 92 suna raye bayan shekara biyar. A mataki na huɗu kuwa, wato idan ta riga ta bazu, 10 ne ko ƙasa da haka. Sababbin magunguna sun ɗan ɗaga wannan adadi na ƙarshe, amma har gobe tazarar tana da faɗi.

Akwai ayyuka biyu da ake yawan cuɗa su waje guda. Na farko shi ne hanzarta gano cutar ga wanda ya riga ya zo da alama. Na biyu shi ne tantancewa, wato a kira mutumin da ba shi da ƙorafin komai amma yana cikin haɗari, a duba huhunsa. Na farkon wajibi ne a kan kowane tsarin lafiya, mai hali da marar hali. Na biyun sai an shirya masa, in ba haka ba illarsa ta rinjayi amfaninsa. Inda mai tarin jini ke kwashe wata huɗu kafin a san abin da ke damunsa, ba a kai ga maganar kiran masu lafiya ba tukuna.

Alamomin da ya kamata kowane ma'aikacin ƙaramin asibiti ya haddace ba su da yawa: tarin da ya haura mako uku, ko tsohon tarin mai shan sigari da ya canja salo, jini a cikin kaki, ko da ɗigo ne sau ɗaya, rama babu dalili, dishewar murya da ta ƙi washewa, ciwon ƙirji ko kafaɗa mai naci, haki, nimoniya mai komawa wuri ɗaya a huhu, kumburin kan yatsu har farce ya lanƙwasa, da kaluluwa mai tauri a gindin wuya. A ƙa'idar Ingila, mai shekara 40 zuwa sama da ya taɓa shan sigari, alama ɗaya irin su tari, haki ko rama ta isa a yi masa hoton ƙirji na X-ray cikin mako biyu. Wanda bai taɓa sha ba, sai alama biyu. Mai tarin jinin da ba a san dalilinsa ba a waɗannan shekaru, kai tsaye ake tura shi ga ƙwararru. Wannan ƙa'ida ba ta bukatar sabuwar na'ura. Takarda ɗaya ce a manne a bangon ɗakin ganin likita, da wanda zai bi sawu ya ga an yi aiki da ita.

Ramuka biyu ne marasa lafiya suka fi faɗawa a wannan hanya. Na farko shi ne kalmar "hotonka lafiya lau". Hoton ƙirji na yau da kullum yana kuskure kusan kansa ɗaya cikin biyar a masu alama. Hoto ne da ya danne ƙirji gaba ɗaya a kan shafi guda, don haka ƙarin da ya ɓuya a bayan zuciya, ko a ƙololuwar huhu inda ƙasusuwa suka haɗu, ko a ƙasa can kusa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, yana iya wucewa ba a gan shi ba. Idan alamar ta ci gaba, a yi CT ko da hoton farko bai nuna komai ba. Haka nan duk mai shan sigari ko wanda ya haura shekara 50 da aka yi wa maganin nimoniya, a maimaita masa hoto bayan mako shida. Inuwar da ta ƙi gushewa ba nimoniya ba ce kawai.

Rami na biyu ya fi zurfi, shi ne tarin fuka. Cututtukan biyu kamar an tsaga kara suke a idon mai gaggawa: tari, jini, rama, zufar dare, inuwa a saman huhu, wani lokaci har da rami a cikinta. A wuraren da tarin fuka ya yi yawa, abin da aka saba shi ne a ɗora mutum a kan maganin wata shida ko da gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba. A mafi yawan lokuta likitan yana da gaskiya. Amma idan ya yi kuskure, wata shida ya isa kansar da za a iya yankewa ta zama wadda ta gagari wuƙa. Muna roƙon a rubuta doka a fili: wanda ya haura shekara 40, musamman mai tarihin sigari, idan gwajin kaki na GeneXpert bai ga ƙwayar tarin fuka ba, a nemi CT kafin a fara magani, ko a kalla a sa masa ranar dawowa cikin mako huɗu zuwa takwas, a auna nauyinsa a maimaita hoto. Wanda yake shan magani yadda ya kamata amma yana ci gaba da ramewa, ko inuwar tana ƙaruwa, kada a tsaya ga zargin cewa cutar ta bijire wa magani. A tuna kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun, kuma tsohon tarin fuka yana ƙara haɗarin kansar.

Yanzu ga tantancewar kanta. Za a zo muku da shawarar a yi ta da hoton ƙirji saboda ya fi araha kuma yana ko'ina. An gwada wannan tun shekarun 1970 a Amurka, haɗe da duba kaki a madubin likita, bai rage mutuwa ba. An sake gwadawa a wani babban bincike mai suna PLCO da ya ƙunshi mutum fiye da 150,000, aka fitar da sakamako a 2011, nan ma bai rage ba. Haka gwaje-gwajen jini irin na CEA da ake tallatawa a cikin "gwajin jiki gaba ɗaya" ba su da hurumi a nan. Akwai wata yaudara ta lissafi da ya kamata ku sani, domin da ita ake tallata irin waɗannan. Idan aka gano cutar shekara biyu da wuri amma maganin bai canja komai ba, alƙaluma za su nuna mutum ya "ƙara" shekara biyu, alhali abin da ya ƙaru shi ne tsawon lokacin da ya san yana da cutar. Saboda haka tambayar da za ku riƙa yi wa duk mai talla ita ce: cikin waɗanda aka tantance da waɗanda ba a tantance ba, nawa suka mutu a kowane ɓangare?

Hanya ɗaya ce ta amsa wannan tambaya da kyau, ita ce CT mai ƙarancin radiyeshan, wato hasken da ke ratsa jiki wajen ɗaukar hoton, wanda yawansa ke da illa. Binciken NLST na Amurka ya ɗauki mutum 53,454 masu shekara 55 zuwa 74 da suka sha sigari sosai, aka raba su biyu, ana yi wa rabi CT sau ɗaya a shekara har sau uku, rabi kuma hoton ƙirji. A 2011 aka bayyana cewa mutuwa daga kansar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 a ɓangaren CT. Binciken NELSON na ƙasashen Holan da Beljiyam, mai mutum fiye da 15,000, ya nuna a 2020 cewa mutuwar ta ragu da kashi 24 a maza bayan shekara goma. Labari ne mai daɗi, amma a karanta shi da idon basira. A NLST sai da aka tantance kimanin mutum 320 kafin a kuɓutar da rai ɗaya. Sauran 319 sun sha radiyeshan da fargaba, wasu har da allura a ƙirji. Kuma huɗu cikin biyar na waɗanda cutar za ta kashe ta kashe su duk da tantancewar, musamman masu wani nau'in kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyin halitta, wanda ke da saurin da zai iya tsirowa ya bazu tsakanin hoton bana da na baɗi.

Wannan shi ya sa zaɓen wanda za a kira yake da nauyi. Ma'aunin da ake amfani da shi muna iya kiransa shekarar-kwali: kwali ɗaya mai kara 20 a kullum na tsawon shekara ɗaya. A raba adadin karan da mutum ke sha a rana da 20, a ninka da shekarun da ya yi yana sha. Mai kara 10 a rana na shekara 40 yana da 20. Mai kwali biyu a rana na shekara 10, shi ma 20. A 2021 kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya tsayar da cewa a yi CT duk shekara ga mai shekara 50 zuwa 80 da ke da shekarar-kwali 20 ko fiye, wanda yake sha yanzu ko ya daina cikin shekara 15 da suka wuce. Ingila ta bi wata hanya: ana gayyatar masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa sha, a yi musu tambayoyi kan shekaru, tarihin iyali, ciwon toshewar huhu da sauransu, a lissafa haɗarin kowa, sannan a yi CT ga waɗanda suka haura wani mizani. Ostareliya ta fara nata shirin a 2025 ga masu shekara 50 zuwa 70, duk shekara biyu. Kowace ƙasa tana da nata lissafi, amma babu wadda ta ce kowa ya zo.

Ga wani abu da kan karya lissafin tun daga tushe: a yawancin katunan asibiti ba a rubuta tarihin sigari ba, ko an rubuta "yana sha" kawai. Mutane kuma suna rage adadin saboda kunya, musamman idan an tambaye su a gaban iyalinsu ko da muryar tuhuma. A tambayi mutum shi kaɗai, a ce "kara nawa a rana, tun yaushe, yaushe ka daina?", a rubuta lambar. Ba tare da wannan layi ɗaya a kati ba, ba za ku san wa za ku gayyata ba.

Akwai kuma wanda bai kamata a tantance ba ko da ya cika sharuɗɗa: wanda zuciyarsa ko huhunsa suka yi raunin da ba zai jure tiyata ko gashi, wato ƙona ƙari da radiyeshan, ba, ko wanda ya ce ko an gani ba zai yarda a yi masa magani ba. Gano wa irin wannan mutum ƙari ƙara masa damuwa ne kawai. Mai alama shi ma ba layinsa ba ne, nasa CT na bincike ne mai cikakken ƙarfi, galibi da allurar rini a jijiya, kuma ba ya jiran gayyata.

Ɗaukar hoton ba ya cin lokaci. Babu allura, babu hana cin abinci. Mutum ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannuwa sama da kai, ya ja numfashi ya riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Radiyeshan ɗin da zai sha kimanin milisibat 1.5 ne ko ƙasa, alhali CT na ƙirji na yau da kullum yana kai 7 zuwa 8, abin da ɗan'adam ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara kuwa matsakaicinsa 2.4 ne. Sai dai "ƙarancin radiyeshan" saiti ne da ake yi wa na'ura da gangan. Idan ba a ajiye saitin a cikinta ba, mai ɗaukar hoto zai danna wanda ya saba, mai lafiya ya riƙa shan ninki biyar duk shekara ba wanda ya lura. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kada ma'aunin na'urar ya wuce miligire 3 ga mai matsakaicin jiki, kaurin kowane yanka na hoton kada ya wuce milimita 2.5, an fi so ma ya zama kusan 1. Yanka mai kaurin milimita 5 yana iya haɗiye ƙullutu mai milimita 4, ko ya sa a auna shi ba daidai ba. Ana bukatar masanin kimiyyar na'urorin asibiti ya riƙa duba wannan a kai a kai. Haka numfashi: idan mutum bai cika huhunsa da iska ba, gindin huhun yakan lotsa ya yi inuwar ƙarya. Minti ɗaya na koya masa riƙe numfashi kafin a fara yana hana a sake kiransa.

Daga nan ne ainihin wahalar ke farawa. CT yana ganin komai, kuma huhun mai shekara 60 da ya sha sigari cike yake da tabo da ƙananan ƙullutai. A NLST, inda ake ɗaukar duk ƙullutun da ya kai milimita 4 a matsayin abin zargi, kusan hoto ɗaya cikin huɗu ya fito da zargi, kuma fiye da kashi 96 na waɗannan ba kansa ba ne. A inda tarin fuka ko cututtukan fangas na huhu suka yi yawa, a sa ran tabon ya fi haka yawa. Idan aka bar kowane likita ya yi hukunci da ra'ayinsa, wani zai tura mai tabon milimita 5 ɗakin tiyata, wani ya sallami mai ƙullutun milimita 12.

Maganin wannan shi ne tsari ɗaya rubutacce da kowa zai bi. A tsarin Lung-RADS na karanta hotunan tantancewa, wanda ya fito a 2014 aka sabunta shi a 2022, ƙullutu mai tauri a hoton farko idan bai kai milimita 6 ba, mutum ya dawo bayan wata 12. Daga 6 zuwa ƙasa da 8, a maimaita bayan wata shida. Daga 8 zuwa ƙasa da 15, bayan wata uku, ko a duba yiwuwar hoton PET, wanda ke haska inda ƙwayoyin halitta ke aiki fiye da kima. Daga 15 zuwa sama, a shiga cikakken bincike. Ƙullutun da babu shi bara ya fito bana ya fi tsoho abin tsoro, don haka nasa ma'aunin yana farawa daga milimita 4. Mai kama da hazo, wanda ake hango jijiyoyin jini ta cikinsa, galibi yana girma ne a hankali cikin shekaru, ana sa masa ido, sai in wani ɓangare mai tauri ya fara tsirowa a cikinsa. Wanda kuma ya yi kama da ciwon huhu na ƙwayoyin cuta, a maimaita bayan wata ɗaya zuwa uku, sau da yawa za a tarar ya ɓace.

Awon girma yana da nasa tarko. Ƙullutu dunƙule yake, don haka idan faɗinsa ya ƙaru da kashi 26 kacal, jimillar girmansa ta ninka biyu. Daga milimita 5 zuwa 6.3 ninki biyu ke nan, kuma wannan tazara ce da hannun likitoci biyu ke iya saɓawa a kai wajen aunawa da ido. NELSON ya yi amfani da manhajar da ke auna ƙullutun ta dukkan fuskokinsa, ta lissafa kwana nawa yake ɗauka kafin ya ninka. Wanda ke ninkawa cikin ƙasa da kwana 400 shi ake bi. Da wannan dabara hotunan da suka fito da zargi suka tsaya a kusan kashi 2. Amma duk wannan ya dogara ga abu ɗaya: a samu hoton baya a kwatanta. Hoton da aka miƙa wa mutum a faifai ko a leda ya tafi da shi gida, a ɗauka ya ɓace. Sai an tanadi rumbun ajiyar hotuna na kwamfuta mai madadin ajiya, wanda asibitocin shirin duka za su iya buɗewa.

Kada kuma a ɗauki PET a matsayin alƙali na ƙarshe. Abin da yake nunawa shi ne inda ƙwayoyin halitta ke cin sukari da yawa, kuma tarin fuka mai rai yana haskawa kamar kansa. Ƙullutun da bai kai milimita 8 ba, ko mai kama da hazo, yana iya zama kansa kuma ya ƙi haskawa. Tabbaci sai da ɗan naman da aka ɗebo aka duba. Ɗibar da allura ta bangon ƙirji tana sa iska ta shiga tsakanin huhu da haƙarƙari a kimanin kashi 15 zuwa 25 na mutane, wasu har sai an sa musu bututu, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu huhun da sigari ya riga ya lalata, wato ainihin mutanen da ake tantancewa. Shi ya sa bai kamata likita ɗaya ya yanke hukuncin soka allura ba. A kafa zama na mako-mako inda likitan ƙirji, na hoto, na tiyata, na kansa da mai duba nama za su kalli hoton tare.

A gaya wa mutum duk wannan kafin ya kwanta a na'ura, da harshen da yake ji. A faɗa masa cewa mai yiwuwa a ga tabo, kuma mafi yawan tabo ba komai ba ne. Cewa akwai kansar da ake ganowa a yanke wadda da an bar ta ba za ta taɓa damunsa ba. Cewa hoton yana iya tono wasu abubuwan kamar taurin jijiyoyin zuciya. Kuma cewa hoto mai kyau na bana ba takardar izinin ci gaba da shan sigari ba ne.

Wurin da shirye-shirye suka fi mutuwa shiru shi ne bin sawu. An rubuta "a maimaita bayan wata uku" a ƙasan rahoto, rahoton ya shiga fayil, mutum bai ji ciwo ba bai dawo ba, sai bayan shekara biyu ya zo da ciwon baya. Laifin tsari ne da bai ɗora wa kowa alhakin kiransa ba. Kowane shiri yana bukatar rajista mai sunan kowa da ranar dawowarsa, da ma'aikaci takamaimai da aikinsa ke nan: ya buga waya, ya tura saƙo, ya sake bugawa. Albashin wannan ma'aikaci bai kai kuɗin gyaran na'ura sau ɗaya ba, amma shi aka fi mantawa da shi a kasafi. Nisa ma yana hana zuwa, kuma waɗanda suka fi shan sigari galibi su ne suka fi nesa da asibiti da ƙarancin hali. A Ingila an ɗora na'urorin a manyan motoci ana kai su wuraren ajiye motoci na manyan kantuna, kuma kusan uku cikin huɗu na kansar da shirin ya gano a mataki na ɗaya ko na biyu suke.

Kafin a gayyaci mutum na farko, ku ƙirga abin da ke ƙarshen hanyar. Likitocin tiyatar ƙirji nawa ne, kuma mako nawa ake jira? Akwai na'urar auna ƙarfin numfashi da za ta nuna ko mutum zai jure a cire masa sashen huhu? Ga wanda ba zai jure ba, akwai na'urar gashi mai saiti da ke ƙone ƙaramin ƙari cikin zama uku zuwa takwas? Ɗakin gwajin nama yana fitar da sakamako cikin kwanaki, kuma yana iya duba sauye-sauyen ƙwayoyin halittar ƙarin irin su EGFR da ALK da ke nuna maganin da zai yi aiki? Wa zai biya? Gano wa mutum ƙarin santimita ɗaya sannan a bar shi wata takwas a layi ko yana neman kuɗi, bai bambanta da rashin ganowa ba sai ta fuskar fargaba.

Sigari ne ke haddasa kimanin kashi 85 na kansar huhu, kuma an nuna alaƙarsa da cutar tun binciken Doll da Hill a Ingila da na Wynder da Graham a Amurka a 1950. Don haka ɗakin taimakon daina sha ya kasance a jikin ɗakin hoto, a rana ɗaya, kada a ba mutum takarda a ce ya je wani wuri. Nasiha ita kaɗai ba ta cika isa ba. A haɗa da magani: faci ko cingam na nikotin, ko varenicline, ko cytisine, ko bupropion, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idarta ta 2024. Wanda ya daina, bayan kimanin shekara goma haɗarinsa yana komawa kusan rabin na wanda ya ci gaba. Babu na'urar da ke ba da irin wannan riba.

Za a tambaye ku batun waɗanda ba su taɓa sha ba. Suna kamuwa, ta hanyar hayaƙin wasu, iskar radon da ke fitowa daga ƙasa ta taru a ɗakuna, asbestos, hayaƙin dizal, hayaƙin girki a rufaffen ɗaki da gurɓatar iska. Taiwan ta fara tantance masu tarihin cutar a iyali tun 2022, saboda a can yawancin matan da ke kamuwa ba mashaya ba ne. Wannan hukunci ne da suka gina a kan nasu alƙaluman. Abin da ya wajaba a ko'ina shi ne kada likita ya kore zargin kansa don mai tarin ta ce ba ta taɓa riƙe sigari ba.

Roƙonmu shi ne a bi abin daki-daki. A fara da dokar alamomi da dokar tarin fuka, da rubuta shekarar-kwali a kowane kati, da rajistar kansa da za ta nuna muku a wane mataki ake kama mutane yanzu. Sannan a gwada tantancewa a yanki ɗaya mai asibitin da ke da tiyata, gashi da ɗakin gwajin nama, da 'yan dubban mutane. A ƙarshen kowace shekara a wallafa: nawa aka gayyata, nawa suka zo, matsakaicin radiyeshan da aka ba su, nawa aka ce su dawo kuma nawa suka dawo a kan lokaci, nawa aka soka wa allura ko aka yanka aka tarar ba kansa ba ce, kashi nawa aka kama a mataki na farko, kwana nawa tsakanin hoto da fara magani, da nawa suka daina shan sigari. Da waɗannan lambobi za a yanke shawarar faɗaɗawa ko dakatawa, kuma a shirye muke mu zauna da ma'aikatanku a tsara takardar tattara su.

Mun gode da sauraro. A huta lafiya.

Naku,
Wasu likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da cututtukan ƙirji